Alamomin Ta'adi Kafin Aukuwarsa

Duk lokacin da aka wayi gari da labarin wani ya sari ɗan'uwansa, ko ya hallaka matarsa cikin ɗaki, maganar farko da ake ji a bakin maƙwabta ita ce, "Wallahi ba mu taɓa zato ba." Amma in aka kwana biyu ana zaman makoki, harsuna suka saki, sai ka ji wannan ya tuna daren da ya ji kururuwa, wancan ya tuna wuƙar da ya ga ana wasawa, wata kuma ta ce ai marigayiyar ta taɓa nuna mata shatin yatsu a wuyanta. Ashe kowa yana riƙe da guntun saninsa, illa dai kunya da kawaici, da gudun kada a ce mutum ya shiga sharo ba shanu, su suka hana a haɗa guntayen wuri guda.

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin fushi da ta'adi, domin fushi ɗabi'a ce ta ɗan Adam, kuma sau da yawa mai saurin hasala shi ne mai saurin nadama. Haka nan talauci ba alama ba ce, murtukewar fuska ba alama ba ce, kuma galibin masu taɓin hankali an fi zaluntarsu bisa ga yadda suke zalunta. Abin lura shi ne sauyin hali da hauhawarsa, wato abin da jiya zagi ne, yau ya zama mari, gobe kuwa Allah kaɗai ya san inda zai tsaya.

Harshe ne yakan riga hannu. Mutumin da ya ce "sai na ga bayanka" cikin zafin rai daban yake da wanda ya ambaci sunan mutum, ya ambaci wuri da lokaci, ya kuma tanadi makami, ko ya riƙa maimaita cewa shi rayuwa ta ishe shi, ba shi da abin asara. Na biyun nan azama ya ƙulla, ba wasa yake ba, kuma wanda ya ji ya yi dariya ya yi sakaci da amana.

Amma inda al'amarin ya fi ɓuya, ya kuma fi muni, shi ne cikin gida. Namijin da kishinsa ya wuce haddi, har ya hana matarsa ziyarar iyayenta, ya ƙwace wayarta, ya riƙa ƙirga mata taku, sannan ya doke ta ya dawo da tsaraba da rantsuwa, wannan ya riga ya bayyana kansa, gama babu hujjar da ta fi ƙarfi a kan abin da mutum zai aikata kamar abin da ya taɓa aikatawa. Masana sun tabbatar cewa shaƙe wuya, ko da bai bar tabo ba, yana cikin mafi hatsarin alamomin da ke gabatar kisa, kuma lokacin da mace ta yi yaji ko ta nemi saki, nan ne hatsarin yake ƙaruwa. A nan fa nake ganin iyaye ke yin kuskure babba, su karɓi biko ba bincike, su ce mata "yi haƙuri, aure ibada ne," alhali haƙurin da shari'a ta yaba bai haɗa da miƙa wuya ga halaka ba. Yaron da ke jin daɗin azabtar da kyanwa ko jaki, da matashin da ƙwaya ta canza masa ido da mu'amala, su ma a sa musu ido tun da wuri.

Abin da ke aukuwa ga mutum ɗaya yana aukuwa ga jama'a, kuma Kano shaida ce. Muhammadu Marwa ya samu laƙabin Maitatsine ne saboda tsinuwar da yake yi wa duk wanda ya saɓa masa, har aka kore shi daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, amma ya komo, ya kafa zango a 'Yan Awaki, ya tara gardawa, ya raba su da sauran Musulmi, suna takura wa maƙwabta, suna tara makamai. Duk wannan a idon jama'a aka yi shi shekara da shekaru. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar wa'adi a Nuwamba 1980, abu ya riga ya gagara, tarzoma ta ɓarke a filin Shahuci ranar 18 ga Disamba, sai da aka kira soja, kuma hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya rayuka 4,177. Ragowar mabiyansa suka sake tayar da fitina a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

To, wanda ya ga alama, kada ya tunkari mai ita shi kaɗai, kada kuma ya yi masa gori gaban mutane, domin wulaƙanci yana hanzarta abin da ake tsoro. Ya sanar da dattijon da mutumin ke jin nauyinsa, ko liman, ko mai unguwa, in kuwa akwai makami ko an ambaci kisa, to, maganar ta 'yan sanda ce nan take. A nisanta wanda ake wa barazana, a ɗauke wuƙa da adda da fiya-fiya daga ɗakin, kuma in ƙwaya ce ko larurar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna, inda likitoci ke duba irin waɗannan.