Yadda Ake Bin Sawun Jinkirin Intanet In Gem Na Sarƙewa

Ɗan ƙanwata yana zaune a wani gidan haya a unguwar Maamobi ta Accra, irin gidajen nan masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Bayan sallar isha'i yakan kunna PlayStation su buga ƙwallo da abokinsa na ƙuruciya da ya koma Landan. Wani dare ina zaune a bayansa, ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili, sai 'yan wasan suka daskare cak. Kafin hoton ya dawo an riga an zura masa a raga. Ya ajiye abin bugawar a kan tabarma ya ce, "Kawu, netwok ɗin nan ba ya yi. Gobe zan canza layi." Sau biyu ke nan yana canzawa a wata uku. Na ce masa ya dakata da kashe kuɗi tukuna, mu gano inda jinkirin ke shigowa, tun daga cikin ɗaki har zuwa bakin teku.

Da farko sai an raba abu biyu da matasanmu ke haɗawa, wato gudun intanet da abin da ake kira ping. Gudu shi ne yawan kayan da hanya ke iya ɗauka a lokaci guda, kamar faɗin titin Kanda. Ping kuwa lokacin da saƙo ke ɗauka ne ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Gem ba ya cin data mai yawa. 'Yan ƙananan saƙonni yake aikawa, sau da dama a kowace daƙiƙa, kuma kowanne yana buƙatar isa a kan kari. Shi ya sa za ka ga layi yana sauke fim cikin minti biyar amma ya kasa riƙe wasan ƙwallo na minti shida. Ciwon ma iri uku ne. Akwai ping mai yawa amma a tsaye, akwai mai tsalle, yanzu 90 an jima 600, akwai kuma saƙon da ke ɓacewa a hanya gaba ɗaya. Na farko hannu na sabawa da shi. Na biyu da na uku su ne ke sa ɗan wasa ya daskare.

Akwai abin da babu mai iya gyarawa, gara a sani tun da wuri. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 na cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Tsakanin Accra da Landan akwai kimanin kilomita 5,100 a miƙe, wayoyin ƙarƙashin teku kuwa ba sa miƙewa, gaɓa suke bi ta Senegal da Portugal. Don haka wanda wasansa ke bi ta Turai ya ga ping na wajen 100, wannan kuɗin hanya ne, ba laifin kowa ba. Abin da muke farauta shi ne abin da ya hau kan wannan.

Sai a fara daga ɗaki. A sami kwamfuta a haɗa ta da Wi-Fi ɗin da ake gem da shi, a ajiye ta daidai inda na'urar wasan take. A buɗe baƙin allon umarni na Windows a rubuta ping -t sannan adireshin rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, wanda galibi ke rubuce a ƙasanta, kamar 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a wasu ƙananan MiFi. In babu kwamfuta, akwai manhajojin waya da ke yin wannan aikin. A bar shi ya yi ta gudu minti biyar ana kallo. Wannan saƙon bai fita daga gida ba, saboda haka lambar bai kamata ta wuce 1 zuwa 5 ba. A ɗakin ɗan ƙanwata mun ga 3, 2, 4, sai kwatsam ta haura 200, ta dawo, can kuma layi guda ya ce saƙo bai dawo ba. Nan take ya yi shiru, don ya gane ko layi goma ya canza ba zai rabu da wannan ba.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san Nima da Maamobi. Rautarsa tana ɗakin mahaifiyarsa, a bayan talabijin, bango biyu na bulo tsakaninsu, ga kwanon rufi a sama yana mayar da sigina. Da muka duba jerin Wi-Fi a waya, sunaye sun cika allo, na maƙwabta da na shagon aski da na masu kunna hotspot. Akasarinsu a kan zangon 2.4 GHz suke, wanda tashoshi uku kacal gare shi da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11. Wi-Fi kuwa kamar zaman majalisa yake, in wani na magana sai saura su jira. In rautarka na da 5 GHz, koma can, don ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bango sosai. Amma maganin da na fi yarda da shi waya ce. A sayi kebul ɗin LAN, Cat5e ko Cat6, a shagunan kayan kwamfuta na Circle, a ja shi daga rauta zuwa na'urar wasa. Yana iya kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba. Mun bi da namu ta saman ƙofa muka kafe da 'yan ƙusoshi, lambar ta zauna a 1 ba ta ƙara motsi ba.

Bayan haka sai a auna waje. A sake yin ping, wannan karon zuwa 8.8.8.8, adireshin Google. A nan ne muka kama ɓarawo na biyu, wanda a ganina shi ne ya fi addabar gidajenmu na Zango, kuma shi aka fi jahilta. Lambar tana tafiya lafiya, sai ƙanwarsa ta ɗora bidiyon biki a WhatsApp, nan da nan ta tashi sama, ba ta sauko ba sai da bidiyon ya gama tafiya. Abin da ke faruwa shi ne hanyar aikawa ta fi ta saukewa ƙunci nesa ba kusa ba. In bidiyo ya cika ta, rauta ba ta zubar da komai, sai ta jera saƙonni a dogon layi, ɗan saƙon gem ya tsaya a bayan ɗaruruwan guntayen bidiyo, kamar mai babur da ya maƙale a bayan motocin albasa ranar Laraba a kasuwar Nima. Gwajin mai sauƙi ne: bar ping na gudu, ka sa wani ya aika babban bidiyo, ka ga ko lambar ta tashi.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko a cikin rauta. In tana da QoS ko SQM a shafin saitinta, a kunna, a auna gudun layin, a ƙayyade mata kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abin da aka samu, musamman ɓangaren aikawa. Ana sadaukar da ɗan gudu ne don kada layin jiran ya taru. Na biyu a cikin mutane, kuma ba na raina shi. A bi wayoyin gida a kashe ajiyar hotuna ta kai tsaye zuwa Google Photos ko iCloud, a mayar da sabunta manhajoji zuwa tsakar dare, a duba na'urar wasan kanta ko tana sauke wani abu a ɓoye. Sannan a ƙirga masu kalmar sirrin. A gidan haya ba a hana maƙwabci, kuma ban ce a hana ba, amma in an ba mutum ɗaya, bayan wata guda sai ka tarar da wayoyi goma sha. Yawancin rautoci na da hanyar baƙi da ake iya ƙayyade wa gudu. A buɗe wa maƙwabta ita, zumunci ya tsira, wasa ma ya tsira.

In gida ya yi tsit amma ping na ci gaba da tsalle, to a lura da agogo. A auna bayan asuba, a auna da azahar, a auna tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare, kwana uku a jere, a rubuta a takarda. In da safe lafiya lau, da dare kuma ya rikice, turken sadarwar unguwa ne ya cika. Mai amfani da 4G yana raba turke ɗaya da dubban jama'a, kuma unguwanninmu na cikin mafi cunkoso a Accra. A ɗaga rautar sama kusa da taga, a jarraba kusurwa daban-daban, don taku biyu na iya canza sigina. A nan ne kaɗai canza layi ke da ma'ana, shi ma a ari SIM na MTN ko Telecel ko AT a gwada a ɗakin da daddare kafin a saya, don wanda ya yi kyau a New Town ba lallai ya yi a lungun Maamobi ba. In faiba ta iso layinku kuma aljihu zai ɗauka, ta fi 4G natsuwa ƙwarai. Starlink ma ya fara aiki a Ghana a 2024, amma yana son sararin sama a buɗe, ga tsada.

Wani lokaci kuma matsalar ta wuce Accra baki ɗaya. Umarnin tracert yana nuna kowane zango da saƙo ya yada, da lokacin da ya ci. In zangon farko da na biyu lafiya, sai can gaba lambar ta yi tsalle ta zauna a sama, abin ya fi ƙarfin ɗakinka. Kowa na tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a yankin gaɓar Kodebuwa, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, aka yi makonni ana gyara. A irin wannan rana a bar rauta ta huta. Haka nan a duba sabar da gem ya zaɓa. Matasa da yawa na ɗauka ta Afirka ta Kudu ce mafi kusa tunda nahiya ɗaya muke, alhali ita ma Johannesburg ta haura kilomita 4,500 daga nan, kuma wani layin sai ya bi ta Turai kafin ya gangara can. A gwada kowacce, a zaɓi mai ƙaramar lamba.

Canza DNS ba ya taɓa ping a cikin wasa, VPN kuma galibi ƙara tsawon hanya yake yi, kada a biya kuɗinsa sai an gwada kyauta an ga bambanci da ido. Rauta kuma ba ta son zafi, a cire ta daga bayan talabijin ta sha iska. Saboda dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, ƙaramin batirin ajiya na rauta yana hana ta mutuwa duk lokacin da wuta ta ƙifta.

Mun gama aikin nan da misalin ƙarfe 10 na dare. Ɗan ƙanwata ya kira abokinsa suka sake shiga fili, ping ya tsaya a ɗari da 'yan kai har aka tashi. An ci shi 2 da 1, ya naɗe ragowar kebul ɗin ya rataye a ƙusa, ya ce, "Kawu, wannan karon da ƙafarsa ya ci ni."