Ko Taswirar Waya Na Rage Basirar Gane Hanya?

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya: shin da gaske ne dogaro da taswirar waya yana rage wa mutum basirar gane hanya?

To Malam, maganar tana da tushe. A shekarar 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan sun duba ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. Sun tarar sashen da ke adana taswirar wurare ya fi girma a wajen direbobin. Wani binciken na 2017 kuma ya nuna sashen yakan lafa idan na'ura ce ke cewa bi dama, bi hagu.

Abin da ya fi damuna shi ne mun daina ɗaga kai. Madugan ayarin gishiri suna keta hamadar Tenere zuwa Bilma da taurari, amma yaro nawa ne a yau zai nuna maka Gamzaki ko Kaza da 'Ya'yanta?

Ka duba taswirar tun a gida, ka sa wayar a aljihu, ka riƙa lura da inda Dutsen Dala yake.