Ƙararrawar Fatsa da Na'urar Gano Kifi: Wacce Ta Cancanci Kuɗin Masunci?

Kafin masunci ya shiga Kasuwar Sabon Gari neman kayan kamun kifi na zamani, ko ya sa a yi masa odarsu, ya kamata ya san don wa aka ƙera su. Da yawansu an yi su ne don masu kamun nishaɗi a Ingila, waɗanda ke kwana bakin tafki suna jiran ƙaton kifin kaf guda, su auna shi, su ɗau hoto, su mayar ruwa.

Ƙararrawar fatsa tana kuka ne idan kifi ya ja zare. Mai zuba kalli ko dasa gura a dam ɗin Tiga ba abin da za ta tsinana masa.

Na'urar gano kifi kuwa daban ce. Tana aika sauti cikin ruwa, inda yake gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ta lissafa lokacin dawowarsa, ta nuna zurfi, da inda kifi ya taru, da kututturan da ke yaga raga. Wasu, irin su Deeper, a fuskar waya suke nuna komai. Sai dai ba ta bambance tarwaɗa da ƙarfasa, kuma a ruwa mara zurfi mai ciyayi ruɗewa take yi.

Mai ƙaramin jari gara ya fara da fitilar goshi mai caji da jakar waya mai hana ruwa shiga.