Kwamfutar buga tsofaffin gem: abin da tambarin i7 ba ya faɗa

Wani mai gidan gem ya shigo shagon da mai wannan rubutu yake gyaran kwamfuta, laftof a hammata, fuska a murtuke. PS2 ɗinsa uku sun tsufa, idon karanta faifai ya mutu a biyu. Aka ba shi shawara ya sayi kwamfuta, ya sa manhajar da take kwaikwayon PS2, yara su ci gaba da buga ƙwallonsu. Ya je ya sayo ta gwanjo mai tambarin Core i7 da ram giga 16. Da aka kunna, 'yan wasan suna tafiya kamar masu ratsa kogi, muryar mai sharhi tana ja irin ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

"Injiniya, i7 ce fa," in ji shi.

I7 ce, ba ƙarya. Amma tsohuwa ce, kuma lambarta ta ƙare da harafin U, wato irin furosesar da aka ƙera don tattalin batir. Har zuwa zubi na 7, i7 mai U ƙwaya biyu kawai take da su a ciki. Core i3-12100 ta tebur, wadda ta fito a 2022, ƙwaya huɗu gare ta, kuma kowace ɗaya ta fi ta waccan gudu nesa ba kusa ba. Mai saye yana kallon 7 ya fi 3, kuɗinsa kuma sun tafi.

Abin da ya ɗaure wa mutumin kai shi ne yadda na'urar shekarar 2000 za ta gagari kwamfutar da ta fi ta ƙarfi. Furosesar PS2, Emotion Engine, ba ta kai megahaz 300 ba, ram ɗinta mega 32 ne. Amsar tana cikin irin aikin. Manhajar kwaikwayo, wadda 'yan gem suke kira emuleta, tafinta ce. Gem yana magana da harshen na'urar da aka rubuta shi dominta, ita kuma tana juya kowane umarni zuwa harshen kwamfuta nan take. Sannan tana riƙe da sassan na'urar duka, mai zane da mai sauti da mai lissafi, su tafi tare kada wani ya wuce wani. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa yana ba ta ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ta gama kowane hoto. In ta makara, kunne ne yake fara ji.

Mafi yawan wannan aikin a jere yake, sai an gama wannan a shiga wancan, don haka ba ya rabuwa ga ƙwayoyi da yawa. Shi ya sa gudun ƙwaya ɗaya shi ne abin dubawa na farko. Ram kuwa, giga 8 sun wadatar har zuwa PS2, ƙari a kai ba ya ƙara gudu.

Akwai misalin da masu wannan harka suke yawan kawowa. Super Nintendo ta 1990 tana gudu ne a kan megahaz 3.58. Emuletar ZSNES, da ta fito a 1997, tana buga gem ɗinta a kwamfutocin wancan zamani ta hanyar yanke, tana tsallake abin da ido ba zai kama ba. Marubucin wata emuletar, bsnes, ya ƙi yanke, ya bi na'urar daki-daki, kuma a 2011 ya bayyana cewa hakan yana cin kusan gigahaz 3. Na'ura ɗaya ce, bambancin yana ga yawan daidaiton da ake nema.

Don haka tambayar da mai gyaran nan yake fara yi wa kowa ita ce: wace na'ura kake so ka tayar?

In Famicom ce ta 1983, wadda kwafinta masu kaset suka cika gidaje a da, ko Sega Mega Drive ta 1988, ko PlayStation ta farko ta 1994, kusan kowace kwamfuta mai rai za ta iya. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ta isa, wayar hannu ma ta isa. Nintendo 64 da Sega Saturn suna da taurin kai fiye da shekarunsu saboda yadda aka harhaɗa cikinsu, amma kwamfutar tebur ba ta jin su.

A PS2, GameCube da Wii ne ciniki yake lalacewa, kuma nan ne yawancin masu gidan gem suke. Emuletocinsu, PCSX2 da Dolphin, suna son furosesa mai ƙwaya huɗu mai gudu. Abin da ya fi yi wa mai wannan rubutu aiki shi ne ƙananan kwamfutocin ofis na gwanjo, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu i5 ta tebur daga zubi na 6 zuwa sama. Ba su da kyan gani, amma fankarsu babba ce, ana buɗe su da hannu, kayan gyaransu suna samuwa. Sashen zanen da ke cikin furosesar yana ɗaukar gem da yawa a girman hotonsu na asali. Wanda yake so ya ninka hoton ya cika babbar talabijin tas, shi ne zai ƙara katin girafik, kuma ya tabbata akwatin zai ɗauke shi, don siraran akwatuna gajeren kati kawai suke karɓa, wutarsu ma kaɗan ce.

PS3 wata duniya ce. Furosesarta, Cell, tana da babbar ƙwaya ɗaya da mataimaka da gem yake amfani da shida daga cikinsu, don haka a nan yawan ƙwaya yana da rana. Emuletarta, RPCS3, tana son shida zuwa takwas na zamani. Wanda ya yi lissafi sau da yawa zai ga sayen PS3 ɗin kanta ya fi araha.

Su kuma 'yan sandunan da ake soka wa talabijin, masu kwali ɗauke da alkawarin gem dubu goma, ƙarfinsu yakan tsaya a PlayStation ta farko, jerin gem ɗin kuma cike yake da maimaici.

Sai abin da takardar bayanin kaya ba ta san da shi ba, wato zafi da ƙura. Furosesa in ta yi zafi tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Laftof ɗin da ta yi lafiya da safe a shago mai sanyi za ta iya fara ja da azahar a watan Afrilu cikin ɗakin kwano. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yana bushewa. An sha kawo kwamfuta ana cewa ta mutu, busa ƙura da sabon mai suka tashe ta. Mai sola ko inbata kuma ya lissafa wuta: ƙaramar kwamfutar ofis ba ta ci sosai, babban katin girafik shi kaɗai yana iya wuce wat 150.

Wani jinkirin ma daga talabijin yake. In ana danna fad ɗan wasa yana makara, a duba saitin gem a talabijin ɗin, a gwada fad mai waya kafin a zargi kwamfuta. PCSX2 kuma ba ta tashi sai da fayil ɗin BIOS, kuma hanyar da masu manhajar suka yarda da ita ita ce mutum ya ciro shi daga PS2 ɗinsa.

Mai gidan gem ɗin nan ya sayar da laftof ɗin ga wani ɗalibi, wanda rubutu da bincike kawai yake so. Da zai sayi ta tebur, ya tafi da filashi mai manhajar da gem ɗin ƙwallon, ya roƙi mai shago ya bar shi ya buga minti 20, idonsa a kan lambar gudu da ke saman allo. A kwamfuta ta farko lambar ta fara sauka bayan kwamfutar ta ɗumama. A ta biyu ta tsaya a 100, ita ya biya.