Wayar Ƙasa a Tsofaffin Gidaje: Darasi Ga Masu Gida Da 'Yan Haya

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka kafa dokar da ta yanke Yankin Babban Birnin Tarayya, kuma tun kafin Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta riga ta gina gidajen ma'aikata a Garki da Wuse, da kuma na ƙananan ma'aikata da leburorin gini a Nyanya. Na farkon cikinsu yau sun haura shekara 40. A da, in wuta ta lalace a irin waɗannan gidaje, hukuma ake kai wa ƙara. Amma daga 2005 Gwamnati ta shiga sayar da su ga mazaunansu da sauran jama'a, saboda haka nauyin gyara ya koma wuyan mai gida. Da yawa sun sake fenti, sun sa tayil, sun ƙara ɗakuna a baya, amma wayoyin da ke cikin bango suna nan yadda magina suka bar su. Wannan darasi a kan waya ɗaya ne daga cikinsu, wadda ba ta kunna fitila, ba ta juya fanka, don haka ba a tunawa da ita sai ran da ta kasa aikinta. Abin da za a faɗa game da Abuja ya shafi tsofaffin gidaje a Kaduna da Kano da ko'ina cikin ƙasar nan.

Aikin rami na uku

Dubi soket ɗin da ke bangon ɗakinka, irin mai amfiya 13 wanda muka gada daga Ingila. Ramukansa uku ne. Na dama shi ne mai wuta, ƙarfinta bolt 230. Na hagu shi ne hanyar da wutar ke komawa bayan ta gama aiki. Na sama kuwa, wanda ya fi su girma, shi ne na wayar ƙasa. A tsohon tsari, mai wuta ja ce, ta komawa baƙa, ta ƙasa kuma koriya. A sabon tsari, mai wuta ruwan ƙasa ce, ta komawa shuɗiya, ta ƙasa kuma mai ratsin kore da rawaya. Za ka iya tarar da tsarin biyu a gida ɗaya.

Wayar ƙasa tana haɗa gangar jikin duk wani abu na ƙarfe, kamar firji da dutsen guga da tukunyar dumama ruwan wanka, da wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a wajen gida. Muddin kayan lafiya lau suke, babu abin da ke bi ta cikinta. To, ran da rigar wata waya ta goge a cikin firji har ta taɓa ƙarfensa, wutar za ta nemi hanyar shiga ƙasa, domin halinta ke nan. In akwai wayar ƙasa, sai ta bi ta nan. In babu, sai ta zauna a jikin firjin tana jira, firjin kuwa yana ta sanyinsa kamar babu komai, har yaro ya zo da jiƙaƙƙun ƙafafu ya kama murfin. Shi ne zai zama hanyar. Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan tsautsayi ne wanda waya ɗaya take tarewa.

Ba sai wuta mai yawa ba ce take kisa. Dutsen guga yana cin amfiya huɗu ko biyar, alhali kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ya isa ya rikita bugun zuciya in ya ratsa ƙirji.

Yadda tsohon gida yake rasa wayarsa

Kada mai karatu ya ga ramuka uku ya ce gidansa ya tsira. Rami ba shaida ba ne. Sau da yawa in an kwance soket sai a tarar da wayoyi biyu kawai, mazaunin ta ukun fayau. Wani lokaci tun farko aka yi haka, musamman a ɗakunan da aka ƙara daga baya, inda mai aikin ya jawo waya mai jijiya biyu don rage kuɗi. Wani lokaci kuma gidan yana da hanyar ƙasa a da, daga baya ta yanke ba wanda ya sani.

A gine-ginen da aka zura wayoyi cikin bututun ƙarfe, sau da yawa bututun nan shi kansa ne hanyar ƙasa. Shekaru da damshin bango sukan sa tsatsa ta ci mahaɗansa, ko wani mai gyara ya yanke guntu ya maye da na roba, shi ke nan hanya ta katse. Haka nan a da akan ɗaure wayar ƙasa a jikin bututun ruwan famfo, tun da ƙarfe ne kuma yana binne. Da bututun ya ruɓe aka kira mai gyaran famfo ya sa na roba, ruwa ya dawo, kowa ya yi murna, amma gidan ya rabu da ƙasa tun daga ranar. Mai gyaran famfon bai yi laifi ba, aikin da aka kira shi ya yi. Akwai kuma sandan da aka kafa tun zamanin hukumar NEPA, wanda aka malale da siminti sa'ad da ake shafe tsakar gida, ko ɓarayin jan ƙarfe suka yanke wayarsa.

Alamun da ya kamata su tayar maka da hankali su ne: jikin firji ko famfon wanka yana ɗan jan hannu, ko da kaɗan ne, soket ya yi baƙi ko yana ɗumi, ko kuwa har yanzu gidan yana da tsofaffin soket masu zagayayyun ramuka da fis irin na tangaran wanda ake ɗaura wa zaren waya. Amma rashin alama bai wanke gida ba. Sukudireban nan mai ƙyalla haske yana nuna inda wuta take ne kurum, ba ya faɗin kome game da wayar ƙasa. Sai ma'aikacin lantarki ya auna da na'urarsa, soket bayan soket, sa'an nan ya auna sandan.

Gyaran da ya fi cutar muni

Akwai wata dabara da wasu masu gyara suke yi. Sukan ɗauki guntuwar waya su haɗa ramin ƙasa da ramin komawa a cikin soket, su ce ai duka ƙasa suke zuwa. In an gwada da ƙaramin abin gwaji, sai ya nuna lafiya. Amma ran da wayar komawa ta tsinke a kan turke ko a makunnin da ke sauya wuta zuwa janareto, ko wani ya juya wayoyi biyun a wajen jona su, jikin duk abin da ke soket ɗin nan sai ya ɗauki cikakkiyar wuta. Wanda ya yi maka wannan aiki ya haƙa maka rami ne ya rufe da tabarma. Haka kuma sauya fuskar soket da sabuwa fara tas ba tare da jawo waya ta uku ba, ado ne kawai.

Gyara na gaskiya

Da farko a kafa sanda. Na ƙarfe ne mai rigar jan ƙarfe, kuma a nan ƙasar Abuja tana da nata hali. Wuri ne na duwatsu da marmara, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Sandan da ya ba da awo mai kyau a Agusta yana iya kasawa a Fabrairu. Saboda haka a nemi wuri mai laima, a zurfafa, in ɗaya bai isa ba a ƙara wani nesa kaɗan a haɗa su, kuma a yi awon da rani. Masu aiki sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Lalle yana gyara awo na ɗan lokaci, sai dai ruwan sama yana wanke gishirin, wanda ya rage kuma yana cin ƙarfen. A bar wa mahaɗin ɗan akwati mai murfi yadda za a iya dubawa, kada a binne shi da siminti.

Sa'an nan a jawo waya mai ratsin kore da rawaya daga sandan zuwa allon raba wuta, daga allon kuma zuwa kowane soket ba tare da yankewa ba. In bututun bango yana da sarari, a zura ta ciki. In ya toshe, a bi saman bango cikin kwaroron roba. In kuwa rigar tsofaffin wayoyin ta bushe tana farfashewa a hannu, ba sauran faci, sai sake wayoyin gidan duka. A sayi waya ta jan ƙarfe sosai mai tambarin hukumar SON, domin kasuwa tana da wadda aka rage wa kauri, araha kuwa ba ta ado.

Amma fa sanda shi kaɗai bai gama aiki ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ga lissafi. A ce awon sandanka ya nuna om 50. In waya mai wuta ta taɓa jikin firji, abin da zai bi ta ƙasa shi ne 230 a raba da 50, watau amfiya 4.6. Fis mai amfiya 30 da ke allo ba zai ko ji ɗumi ba, balle ya tsinke, wutar kuwa tana nan a jikin firjin. Maganin wannan ita ce na'urar nan da ake rubuta RCD ko RCCB a jikinta. Aikinta shi ne gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo. In sun bambanta, ta san wata ta zurare ta wata hanya, sai ta katse cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Wadda ake sa wa don tsare rai ita ce mai lamba 30mA, watau kashi 3 cikin 100 na amfiya ɗaya. Tana da ɗan maɓalli na gwaji. A danna shi aƙalla sau biyu a shekara, a lokacin da akwai wuta, domin in an ɗauke ba zai nuna kome ba. In ta yi ta katsewa, kada a ce ta cika fitina a tsallake ta. Wani abu ne yake yoyo a gidan, a neme shi.

Wanda aljihunsa bai kai ya yi aikin gaba ɗaya ba, ya fara da sandan da wannan na'ura, sa'an nan ya kai wayar ƙasa inda ruwa da ƙarfe suke haɗuwa: ɗakin girki, makewayi, injin jawo ruwan rijiyar burtsatse. Ɗakunan kwana su biyo baya. Ya sani dai inda wayar ba ta kai ba tukuna, na'urar ba za ta katse ba sai wutar ta fara bi ta jikin mutum. Kayan da ke da alamar murabba'i cikin murabba'i, kamar yawancin cajar waya, an yi musu rufi biyu, ba sa bukatar wayar ƙasa.

Gidan da ke da janareto ko batura na hasken rana, a haɗa gangar jikinsu da ƙasa, kuma a sa ma'aikacin ya gwada na'urar katsewar a kan kowace wutar, gama tana iya aiki da wutar kamfani ta ƙi aiki da ta janareto.

Wanda zai yi aikin

Kamfanin AEDC, wanda yake raba wuta a Abuja da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa tun 2013, iyakarsa mita. Abin da ke bayan mita na mai gida ne, don haka ɗan haya da ya ji jan wuta ya sanar da mai gida a rubuce, ya kuma daina amfani da soket ɗin. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce take duba ayyukan lantarki, take kuma ba ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa. Ka nemi ganin takardar nan kafin ka ba mutum aiki. In ya gama, ya auna a gabanka, ya rubuta maka awon sandan da kwanan wata, ka ajiye tare da takardun gida domin a gwada da awon rani mai zuwa.