Yadda ake haɗa jam ɗin sitiroberi a gida

Daga Disamba zuwa wajen Maris, lokacin da sanyin Jos ya kankama, sitiroberin Chaha da kewayen Vom yake shigowa gari a 'yan robobi. Ba ya jure kwana biyu a ajiye, shi ya sa idan yamma ta yi masu talla sukan sassauta farashi. Uwargida, a nan ne za ki saya. Ki haɗa da waɗanda ba su gama nuna ba, domin su ne ke sa jam ya kama jiki.

Ma'auni: sitiroberi kilo ɗaya, sukari giram 750 (ni dai na Dangote nake sawa), da lemon tsami manya guda biyu. Kada ki wuce kilo ɗaya a tukunya guda. Idan ya yi yawa, zai daɗe a wuta, launin ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya gudu.

Ki wanke, ki cire ganyen kai, ki rarraba manyan biyu. Ki zuba sukarin da ruwan lemon, ki rufe ya kwana. Da safe za ki tarar ya fitar da ruwansa. Masu cewa a ƙara ruwa kofi ɗaya, ko a dama garin kastad a zuba don ya yi kauri, ki ƙyale su. Wancan kunu ne, kuma ba ya kai mako sai ya yi tsami. Haka masu cewa a rage sukari rabi: sukarin ne ke hana shi lalacewa.

Tukunya mai faɗi ta sitil za ki ɗora, ba ta dalma ba, saboda tsami yana cin dalma. Ki ƙulle 'ya'yan lemon a farin ƙyalle mai tsabta ki jefa ciki, suna taimaka wa kauri. Wuta kaɗan har sukari ya narke, sannan ki ƙara ta sosai, kina juyawa da muciya kina kwashe kumfa.

Inda aikin yake shi ne sanin lokacin saukewa. Littattafan girki na Turai suna cewa sai zafi ya kai digiri 104 ko 105. Wannan lissafin mutanen bakin teku ne. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka namu yakan kama tun a wajen 100. Wadda ta tsaya jiran 105 a Nasarawa Gwom, alewa za ta sauke, mai lanƙwasa cokali.

Faranti ya fi ma'aunin zafi. Ki sa ƙaramin farantin tangaran a firij tun kafin ki fara. Idan babu wutar lantarki, ki ɗora shi a kan ƙanƙara. Bayan minti 12 zuwa 15 da tafasa, kumfar za ta kwanta, tafasar ta koma ɓul-ɓul mai nauyi. Ki sauke tukunyar tukuna, ki ɗiga kaɗan a farantin, ki jira minti ɗaya, ki tura da yatsa. Idan saman ya tattare, hanyar yatsan ba ta rufe ba, ya yi. Idan ya gudu ya haɗe, ki mayar wuta minti biyu ki sake gwadawa. Kada kamanninsa a tukunya ya ruɗe ki, da zafi kullum ruwa-ruwa yake.

Kwalaben mayonis na Bama ƙanana sun isa, muddin murfin bai yi tsatsa ba. Ki tafasa su da murafensu minti 15, ki kife su su bushe, ki zuba jam da zafinsa, ki goge bakin, ki rufe gam. Kilo ɗaya yakan ba da kwalba biyu zuwa uku.

Da zarar kin buɗe, sai firij, kuma da busasshen cokali kawai. Wanda ya yi funfuna a zubar gaba ɗaya, ba a kwashe sama a ci ƙasa. Idan sitiroberi ya wuce, mangwaron Binuwai na nan tafe. Ki zaɓi marar zare, ki ƙara lemon tsami ɗaya.