Amsoshin Wasiƙunku: Kafin Ka Sayi Jif Ta Hannu

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan magana ɗaya suka haɗu, wato sayen babbar mota ta hannu mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Prado da Pajero. Za mu fara da wadda ta fi tsawo.

Wani Alhaji daga Haɗeja ya ce yana da gonar shinkafa a fadama, kuma da ruwa ya sauka ƙaramar motarsa ba ta iya shiga. Dillali ya kawo masa motoci biyu, Land Cruiser mai injin V8 da Prado mai V6, kuɗinsu kusan ɗaya. Yana tambaya wacce zai ɗauka.

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka fara tambayar kanka abin da ya sa babba ta sauko har ta yi kuɗi ɗaya da ƙarama. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, mutane da yawa suka jingine manyan motocinsu, suka sa su a kasuwa. Land Cruiser ɗin da aka ƙera daga 2007 zuwa 2021 tankinta lita 93 yake ci, mai ƙarin tanki kuwa lita 138, kuma mai injin fetur da wuya ta ba ka fiye da kilomita 6 a lita ɗaya a cikin gari. Ka ɗauki alƙalami ka lissafa zuwa gona da dawowa na wata guda. Ga tayoyi, ga baƙin mai da take ci fiye da na ƙaramar mota, ga kayan ƙafa. Wasu ma suna da na'urar ɗaga jiki da sauke shi, wadda in ta lalace gyaranta sai a sayar da buhunan shinkafa masu yawa. In dai shiga fadama ne da ɗauko kaya da ma'aikata, Prado ta ishe ka. Injinta mai lita 4 ya yi suna wajen juriya, makanikai sun san shi, kayan gyaransa kuma ba sa wuya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Amma kada ka biya ko sisi sai ka yi abin da zan faɗa maka. Ka je da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ku je da sassafe kafin a tayar da injin. Injin da ya kwana ba ya ɓoye ciwonsa. In hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai. In fari ne mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, ko kuka buɗe murfin mai kuka ga abu kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai, ku yi sallama ku tafi. Sannan a hau da ita kan rami, a shiga ƙarƙashi da fitila. Fenti da kujeru kowa yana iya gyara su da kuɗi kaɗan, amma shasi da ya taɓa lanƙwasa aka miƙe, ko aka yi masa walda, ko tsatsa ta cinye shi, ba zai koma yadda yake ba. A sa mata kwamfuta a ga abin da za ta nuna.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya sayi mota saboda ƙafa huɗu, amma bai gwada ƙafa huɗun ba. Sai a zaga gari a kan kwalta, a ji sanyin iya-kwandishan, a ce a yi ciniki. Alhaji, ka fita da ita bayan gari inda akwai yashi, a tsaya cak, a sa giyar ogzilari, a ga ko ta shiga ba gardama, fitilarta ta tsaya ba ta ƙiftawa, sannan a ga ta fita ba gardama. Motar da ta yi shekaru a birni ba a taɓa sa mata wannan giya ba, sau da yawa abin ya riga ya ƙage. Kuma jama'a ku sani, ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Akwai 4Runner da Pathfinder da Highlander da ake shigowa da su daga Amurka masu ja da ƙafa biyu kawai. Tsayin mota ba shi ne shaida ba, a leƙa ƙasa a gani.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Zariya. Ta ce an nuna wa maigidanta Prado an ce ƙirar 2018 ce, amma kuɗin ya yi sauƙi har ya ba ta tsoro.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, araha ba ta ado. Prado ɗin da aka fara fitarwa a 2009 jikinta ɗaya ne har zuwa 2023, gyaran fuska kawai aka riƙa yi mata. Shi ya sa ake ɗaukar ta 2010 a canza mata fitilu da bamba da gaba, ta koma kamar sabuwa. Yin hakan ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye, ɓoyewar ce ha'inci. Ki ce wa maigida ya duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, akan rubuta shekarar ƙira a jikinsa. Ya kuma duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ya tabbata wadda ke jikin mota ita ce a takarda. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ake bincika tarihinta a intanet, a ga ko ta taɓa yin hatsari ko ambaliya ta shanye ta aka yi gwanjonta. Motar ambaliya akan gane ta da warin rima, da busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙarfen kujeru. Wayoyinta ba sa daina ba da wahala.

Sai wani ɗan'uwa daga Damagaram, yana tambaya tsakanin mai gas da mai fetur. Malam, in tafiyarka ta sahara ce wajen Agadas, tsohon injin gas mai lita 4.2 na Land Cruiser ba shi da tarkacen lantarki, ana gyara shi ko a ƙauye. Sababbin injinan gas sun fi ƙarfi da tattalin mai, sai dai gurɓataccen mai yana kashe musu nozul, kuma nozul ɗinsu akwai tsada. Ka duba irin man da kake samu a inda kake kafin ka zaɓa.

Na ƙarshe saƙon waya ne daga wani matashi a Katsina. Ya ce ya samu Pajero lafiyayya, amma mai ita ya ce takardun kwastam sun ɓata, zai rage masa kuɗi.

Ɗana, kada ka saya. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata duti ba ana iya ƙwace ta a hanya ko ta shekara nawa a hannunka. Ba ka kuma da tabbacin ba ta sata ba ce. Duk wanda zai sayi mota ya kai takardun ofishin kwastam a tantance masa, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a kuma canza sunan mai mota nan take. In mai Pajeron nan da gaske yake, ya je ya nemo takardunsa, sannan ka dawo ku yi magana.